Saran da Bai Sauka Ba

A Tampere rana kan tashi daga aiki tun ƙarfe uku,
ta bar mu da fitila, da ƙanƙara a bakin taga.
Ran Laraba mukan sauka ɗakin ƙasa, gefen injin wanki,
mu biyar, da butar kofi,
da ɗan lido mai fuska ashirin.

Ni ke rubuta ƙaramin littafin,
rataye ne a jikin babban littafin wasa:
sababbin mayaƙa huɗu, shafi talatin da biyu,
maɗaba'a na jira kafin Janairu ya fita.

Na yi lissafi har fensir ya koma guntu.
Mai gatari, ɓarnarsa sha huɗu kowane zagaye.
Mai baka, sha shida, in iska ba ta yi gardama ba.
Mai takobi biyu ya kai sha takwas, na aske masa uku,
Eemeli ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwata.
Sai mai garkuwa.
Bakwai.
Na tara daga sama, na tara daga ƙasa, bakwai ɗin nan dai.

Na ce, wannan gurgu ne, zan cire shi.
Wa zai sayi littafi don ya zama bango?

Raimo ya miƙo hannu, hannun nan mai ɗan rawa,
shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas mai lamba uku.
Ya ce, ba ni shi.
Na ce, ba ya kisa.
Ya ce, ni ma ban taɓa ba.

Sirkka ta buɗe labari:
ga gada, faɗinta kamu shida, ga kogi na huci,
ga dodanni tara sun taho a guje.
Mai gatari ya ruga, ɗan lido ya ba shi biyu, ya faɗi.
Mai baka ya harba, ya harba, kwari ya ƙare.
Matsafiyar Tuulikki na bukatar zagaye huɗu
kafin kalmarta ta nuna,
ga ta kuwa kamar ƙwai, taɓawa ɗaya ta isa.

Raimo ya tura ɗan mutum-mutuminsa na dalma
tsakiyar gada. Ya ce, na tsaya.
Zagaye na biyu: na tsaya.
Na uku, ya kurɓi kofi tukuna, ya ce, ina nan.
Injin wanki ya shiga matsa, tebur na karkarwa,
babu wanda ya tashi ya kashe shi.

A na huɗu Tuulikki ta furta kalmarta,
wuta ta cinye taran duka.
Aka yi ta tafa mata.
Ba a san maci tuwo ba, in ji mutane, sai miya ta ƙare,
amma ko da ta ƙare ɗin, wata aka tafa wa.

Na duba takardata.
Gaban sunan Raimo: sifili, sifili, uku, sifili.
Sikelina na auna jinin da aka zubar,
bai san nauyin wanda ya zauna a jiki ba.
A wane layi ake rubuta saran da bai sauka ba?

Na ce, Raimo, zan ƙara masa biyu, ya kamo 'yan'uwansa.
Yana ɗaure maɓallin kwat, ya ce, in kin ƙara masa haƙori
zai fara bin nama, ya bar gada.
Ƙara masa dai wani abin yi.
Zagaye huɗu ina maimaita magana ɗaya,
ko a bas akwai kwana.

Ya hau matakala a hankali, yana dafa bango.

Daren nan na rubuta tara, na goge.
Na rubuta: yana iya ture abokin gaba taku ɗaya baya.
Na goge ɗaya, na sa biyu.
Na mai da ɗaya.
Takardar ta huje a wurin.